Kocin Tsaro da Ɗansa Mai Jifa

Mutanen Mississippi da suka san mijina, Cleophus Tarpley, a bakin fili suka san shi: ƙato, mai wuya kamar na bajimi, yana ɗingishi yana daka tsawa. 'Yan wasansa ko tarinsa suka jiyo daga nesa sai su gyara zama. Ni kuwa, Vernell, da na zauna da shi sama da shekara arba'in, ban taɓa ganin mutumin da tsoro ya ci kamarsa ba. Duk Asabar ɗin da za a yi wasa, kafin ya sa takalmi sai ya shiga banɗaki ya amayar da abin da ya karya da shi. Ina jinsa daga kicin. Ya fito ya kurkure baki ya ce, "Nell, ina hulata?" kamar ba a yi komai ba.

A gefen kogin Yazoo aka haife shi, babansa lebura ne a injin gurzar auduga. Ƙwallon Amurka, irin wadda ake runguma ana jifa da hannu, ita ta kai shi kwaleji, a can muka haɗu ina karatun malanta. Cikin 'yan tsaro yake wasa, waɗanda aikinsu shi ne su kayar da duk wanda ya rungumi ƙwallo ya taho. A shekararsa ta ƙarshe wani ya faɗo masa a gwiwa, ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba. Sai ya koma koyarwa. Ya fara a makarantar sakandare, daga nan wata ƙaramar kwaleji ta ɗauke shi mataimaki, a hankali har ya zama kocin tsaro, duk 'yan bayan ƙungiya suna hannunsa.

Ya taɓa ce mini, "Kocin masu kai hari yana kwana yana mafarkin cin wasa. Ni aikina in zauna in yi tunanin duk ƙofar da masifa za ta iya shigowa." Haka yake yini a ɗakin kallon fim ɗin wasanni na kwaleji, yana mayar da kaset baya, yana kallon mai jifan abokan hamayya, wato wanda ke jefa wa 'yan harinsu ƙwallo, yana neman inda yaron yake da rauni. Wani in an matsa masa yana rufe ido. Wani yana lasar yatsa in zai yi jifa mai nisa. Cleo ba ya barin ko ɗaya ya wuce shi.

Aikin ba shi da tabbas. In aka kori babban koci, duk na ƙarƙashinsa sun bi shi, kuma a watan Disamba ake kora, ana shirin Kirsimeti. Mun zauna a Arkansas, mun zauna a Alabama, mun dawo Mississippi, mun sake fita. Ban taɓa zubar da kwalayen kaya ba, ninke su nake yi in tura bayan injin wanki. A wani gari mun tashi da safe muka tarar an kafa allon sayar da gida a ƙofarmu bayan an ci su wasa, wato mu tattara mu tafi. A wani garin kuma, da rana tsaka Cleo yana wurin aiki, wani mutum ya bugo waya da murya mai sanyi ya ce, "Uwargida, ki gaya wa mijinki mun san makarantar da yaronku yake." Daga ranar har muka bar garin ni nake kai Tyree aji da kaina, in tsaya sai na ga ya zauna.

Amma abin da ya fi taɓa Cleo a Arkansas ya faru. Akwai wani mai jifa na wata kwaleji, Royce Gatlin, ɗan siriri mai saurin hannu. Cleo ya gano yana daɗewa riƙe da ƙwallo, sai ya shirya masa farmaki ta baya. Ɗan wasan Cleo ya shiga da kai maimakon kafaɗa. Royce ya faɗi, wuyansa ya karye. Ya rayu, amma a keken guragu. Duk bazara Cleo yakan tuƙa mota ya je ya gaishe shi. Shekarar farko uwar yaron ba ta bar shi ya hau ko matakalar gidan ba. Tun daga nan tsoronsa ya zama biyu: in an ci su yana tsoron kora, in suna ci yana kallon yaron mutane da ke ƙasa ko zai tashi.

Tyree shi kaɗai Allah ya ba mu. Yana ɗan firamare ya bi ƙanena kamun kifi, darmar ƙugiya ta fizgo ta buge shi a idon hagu. Idon ya warke, in ka kalle shi ba za ka ga komai ba. Likita dai ya ce abin da ke gabansa zai gani sarai, amma ta gefen hagu duhu ne, har abada. Cleo ya ce shi ke nan, yaron nan ba zai taɓa sa hular kwano ya shiga fili ba. Na ce amin.

Sai dai yaron yana da hannu. Yana tsaye a titi zai jefa ƙwallo ta tsallake rufin maƙwabta ta sauka a ƙirjin wanda ya nufa. Kocin sakandare ya yi ta zarya gidanmu yana roƙon a bar shi ya yi wasa, har na gaji da ba shi shayi mai ƙanƙara. Tyree ya yi fushi, ya daina cin abinci tare da mu. Daga ƙarshe Cleo ya sauko, ya ce tunda zai yi, gara ya koya a hannunsa. A bayan gida ya koya masa ya riƙa juya kai hagu kafin kowane jifa, ya riƙa sauraron takun ƙafa, ya kuma rabu da ƙwallo da wuri. Gwajin ido a makarantu kuwa karanta haruffa ne a bango, kai tsaye, Tyree yana karantawa har layin ƙasa. Da zai shiga kwaleji na ce a gaya wa likitansu. Ya ce, "Mama, in kika faɗa ba wanda zai sake miƙo mini ƙwallo. Ido nawa ne." Lokacin ya fi ubansa tsawo.

Kwalejin Saint Amos ya zaɓa, a Louisiana, don ba ta haɗuwa da kwalejin da ubansa yake. Yana shekara ta biyu aka kori babban kocin su Cleo, muka sake naɗe kaya. Wurin da aiki ya samu shi ne Kwalejin Pelham, kuma Pelham da Saint Amos rukuninsu ɗaya, duk Nuwamba sai sun kara. Shekarar farko Tyree yana benci, muka sha da ƙyar. Shekara ta biyu shi ne mai jifansu na farko, jaridu suna ta buga hotonsa.

Babban kocin Pelham Thurman Mabry ne, gajere mai magana ƙasa-ƙasa, kullum da tsinke a baki. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma na ga ƙartin maza suna kauce masa a hanya. Ranar Lahadin makon wasan, mun dawo daga majami'a, sai ga motarsa a ƙofar gida. Na soya tarwaɗa, na kawo gurasar masara da ganye. Ya ci ya ƙara.

Ya ce, "Vernell, wannan tarwaɗar taki za ta sa mutum ya manta hanyar gidansa."

Na ce, "Koci, in matarka ta ji ka, ni ba ruwana."

Ya yi dariya, ya goge hannu, ya juya wurin Cleo. "Masu kuɗin makaranta sun kira ni jiya. In Saint Amos ta ci mu, duk mu nemi kwali. Cleo, kai ka goya yaron nan. Kai ka san inda yake da laushi."

Cleo ya ce, "Yaro ne mai kyau, Koci. Ba shi da wani laushi da ba a gani a fim ba."

"Kowa yana da shi. Kai ka koya mini haka." Ya miƙe ya sa hula. "Na gode da abinci, uwargida. Allah ya tsare mana Tyree."

Da motarsa ta tashi Cleo ya zauna yana kallon ƙayar kifi a faranti. Na ce, "Cleophus, kalle ni. Ka tuna Royce Gatlin." Ya ce, "Nell, kina ganin akwai ranar da nake mantawa?"

Makon nan bai yi barcin kirki ba, ni ma haka. Ranar Alhamis da yamma Tyree ya bugo waya. Ubansa yana zaune kusa, na miƙa masa ya girgiza kai.

Tyree ya ce, "Mama, tsoho yana nan yana noƙewa ko? Ki gaya masa kada ya sassauta mini. In ya yi mini wasan yara zan gane, kuma zan zubar masa da mutunci a gaban mutanensa."

Na ce, "Kai dai ka riƙa duba hagunka."

"Haba Mama. Wane gefe za ki zauna?"

"Gefen motar asibiti," na ce. Ya yi ta dariya. Ni ban yi ba.

A cikin 'yan tsaron Cleo akwai Odell Batiste, wanda ake saki ya kamo mai jifa. Girmansa ya cika ƙofa, amma yaro ne mai ladabi, mai waƙa a majami'a. Yakan zo gidanmu cin abinci, yana kirana Mama Nell, yana wanke kwanonsa da kansa. A fili kuwa in ya taho kamar motar itace ta ƙwace a gangara. Shi nake tsoro fiye da kowa.

Ranar Asabar filin ya cika tun kafin rana ta take. Masu badujala suna busa, ana sayar da gasasshen nama a bakin ƙofa, hayaƙi ya rufe wurin ajiye motoci. Na sa riga mai ruwan toka don kada in yi kalar kowa, na zauna can ƙarshen benci kusa da matakala.

Kafin hutun rabin lokaci, duk farmakin da Cleo ya tura ta dama ya turo shi. Tyree yana ganinsu tun daga nesa, ya goce, ya jefa. Sau biyu ya kai ƙwallo gidan Pelham, suka ci maki. Mutanen Pelham suka fara gunaguni. Wani mai jan hula a bayana ya miƙe ya yi ihu, "Tarpley, ka kai shi gida ka ba shi nono mana!" Aka bushe da dariya. Na sunkuyar da kai.

Abin da ya faru a ɗakin hutu ba na wurin, Odell ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce Mabry ya tsaya a tsakiyar 'yan wasa ya cire tsinken bakinsa ya ce, "Tarpley, yau uba ka zo ko koci? Faɗa mana, yaran nan suna so su sani." Odell kuma, da bai san komai game da idon ba, ya ce, "Koci, wanda ke tsare wa Tyree hagu ya gaji, numfashi yake da baki. Ka mayar da ni can sau ɗaya kawai." Cleo ya ce, "Ka tsaya inda na ajiye ka."

Aka dawo. 'Yan harin Pelham suka farfaɗo, suka rama, har suka wuce da ɗan kaɗan. Lokaci ya kusa ƙarewa ƙwallo ta koma hannun Saint Amos, Tyree ya fara tura su gaba, jifa bayan jifa, kowanne yana sauka inda ya so. Suka ƙetare tsakiyar fili. Na ga Mabry ya tako a hankali ya tsaya a kafaɗar Cleo. Bai ko kalle shi ba, tsayawa kawai ya yi.

Na san alamun hannun da mijina yake ba 'yan wasansa umarni da su, a falonmu yake gwada su gaban madubi. Na ga ya taɓa hula, ya shafi ƙirji, sannan ya dafa kafaɗarsa ta hagu. Odell ya miƙe daga inda yake ya zagaya ɗaya gefen.

Ban san lokacin da na hau kan benci ba. Na kwarara ihu, "Tyree! Hagunka! Tyree!" Mutum dubbai suna ihu, gangunan badujala suna tashi, ko na kusa da ni bai ji ni ba.

Aka miƙo masa ƙwallo. Ya ja baya, ya juya kai hagu sau ɗaya kamar yadda aka koya masa, lokacin Odell yana kokawa da mai tsaronsa. Sai ya mayar da ido dama yana neman wanda zai jefa wa. Odell ya kufce. Kowane mai jifa yakan hango inuwa ta gefen ido ya sunkuya ko ya ƙanƙame jiki. Tyree yana tsaye sak, hannu a sama, ƙirji a buɗe. Ƙarar haɗuwarsu har inda nake na ji ta, kamar an rufe ƙofar mota da ƙarfi. Ƙwallo ta yi tsalle, wani ɗan Pelham ya faɗa mata, fili ya ɗauki sowa. Kowa ya tashi. Tyree bai tashi ba.

Na gangara matakala ina ture mutane. Wani ɗan sanda ya tare ni a shinge ya ce, "Uwargida, ba a shiga." Na ce, "Ni na haife shi, matsa!" Ya matsa. Ina gudu a kan ciyawa ba takalmi ɗaya, na ga Cleo ya riga ni, yana jan gurguwar ƙafarsa, ya jefar da abin sauraron da ke kunnensa. Odell ya durƙusa gefe ya cire hular kwano yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Koci, da kafaɗa na shiga, wallahi da kafaɗa na shiga."

Sowar ta mutu. Likitan Saint Amos ya riƙe kan Tyree da hannu biyu ya hana kowa taɓa shi. Idanunsa a rufe, hannunsa ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinsa. Ƙafafunsa nake kallo, don na san abin da Cleo yake kallo ke nan. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Likitan yana ta kiran sunansa. Can sai takalmin dama ya motsa, sannan na hagu. Ya buɗe ido ya ce, "Wa ya ɗauki ƙwallon?" Cleo ya zube zaune a ciyawa.

A asibiti suka ce ƙashin kafaɗa ya karye, ƙwaƙwalwa ta girgiza, amma wuya lafiya. Sai wata likita ta zo tana gwada idonsa. Ta ce ya kalli hancinta, ta kawo yatsa ta dama, ya ce ya gani. Ta kawo ta hagu, har yatsan ya kusa taɓa kuncinsa bai ce komai ba. Ta sake. Ta ce, "Wannan ba na yau ba ne. Tun yaushe?" Tyree ya juya fuska bango. Kafin mako ya zagayo Saint Amos ta sanar cewa ba zai sake buga mata ba, kuma ba wata kwaleji da za ta ɗauke shi.

Ranar wasan dai, Cleo bai shiga ɗakin ba. A baranda na same shi tsaye, har lokacin da rigar Pelham a jikinsa.

Na ce, "Me ya sa?"

Ya ce, "Duk makon nan ina kan Odell. Kafaɗa a ƙirji, kai a sama. Na ce in ma wani zai same shi, gara wanda na koya wa da hannuna."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya ce, "Nell, ban sani ba. Na ga agogo, na ji numfashin Mabry a wuyana, na ga ƙofar a buɗe. Shekara nawa ina neman irin ƙofar nan a jikin 'ya'yan mutane. Hannuna ya tafi kafin in tsayar da shi."

Na bar shi a wurin na koma gun ɗana.

Jaridu suka yi ta yabonsa, wai ga kocin da ko ɗansa bai ragawa. Mabry ya tsira da kujerarsa. Wata babbar kwaleji a Tennessee ta nemi Cleo, ya karɓa, don bai san wani aikin ba. Ya yi 'yan shekaru a can, tsaronsa yana cikin na gaba-gaba, amma ya rame, ya daina iya tsayawa a bakin fili, ya koma ɗakin da ke saman filin yana ba da umarni ta waya. Wata bazara ana shirin fara atisaye ya je har ƙofar filin, ya kasa fitowa daga mota. Ya juyo gida ya ce mini ya gama. Muka koma kusa da Yazoo, ya kama noman tumatir da kuɓewa.

Tyree ya fi shekara bai yi masa magana ba. Ni yake kira, in ya ji muryar ubansa a kusa sai ya ce yana da aiki. Ya gama karatunsa, ya samu aikin awon filaye a Houston, ya yi aure. Sai da matarsa ta haifi 'ya mace suka zo mana da ita. Bayan an ci abinci na hango su biyu a baranda, kowa yana kallon gonar. Na rage ƙarar famfo don in ji.

Tyree ya ce, "Baba, da ni ne a matsayinka, tun farkon wasa zan saki Odell."

Cleo ya ce, "Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," in ji Tyree. "Amma jifan nan da na samu na yi, da mun ci ku. Yaron da zan jefa wa a buɗe yake, ba mai tsaronsa."

"A buɗe yake. Na gan shi."

Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, a iya sanina. Sai surukata ta fito ta ɗora wa Cleo jaririyar a cinya. Ya sandare, manyan hannayensa a ƙarƙashinta, ko numfashin kirki ba ya yi. Ya ce, "Nell, zo ki karɓe ta, za ta suɓuce." Na ce ina wanke-wanke. Haka ya riƙe ta har ta yi barci, zufa tana zuba masa.

Ya rayu har ya ga yarinyar ta shiga sakandare. Ya rasu wata Talata bayan abincin rana, a kujerarsa, rediyo yana ba da labarin farashin waken soya. Tsofaffin 'yan wasansa sun zo daga jihohi da yawa, majami'ar ba ta ɗauke su ba, wasu a waje suka tsaya cikin rana.